Bulalar Raba-Daidai

Duk wanda ya taɓa riƙe alli a makarantar firamare ko sakandare a ƙasar nan, ko da na zango ɗaya ne, ya san hayaniyar nan da kan tashi a bayan aji lokacin tara, sa'ad da yara suka yi da'ira suna sowa, biyu daga cikinsu kuma suka sarƙe a tsakiya suna birgima cikin ƙura, har sai wani malami ya ajiye abin karyawarsa ya ratsa taron ya ɓamɓare su. Rabon faɗan abu ne mai sauƙi. Abin da ya dame ni shi ne wanda kan biyo baya, domin a galibin makarantunmu hukuncin guda ɗaya ne, an kuma yanke shi tun kafin a ji ta bakin kowa: "Ku kwanta ku duka biyun." A zuba wa wannan shida, a zuba wa wancan shida, a ce su yi musafaha, a kaɗa ƙararrawa, malam ya koma ofis yana ganin ya kashe wuta.

A ganina wannan bulala ta raba-daidai zalunci ce da aka naɗa wa rawanin horo. Ba kasafai faɗan yara yake aukuwa tsakanin tsara biyu masu ƙarfi ɗaya da laifi ɗaya ba. Akasari akwai wanda ya daɗe yana cin zali, yana ƙwace kuɗin tara, yana zagin uwa, yana yi wa ɗan'uwansa ba'a saboda yagaggiyar riga ko in'ina ko talaucin gidansu, akwai kuma wanda ya yi ta haƙuri har haƙurin ya ƙare, ranar da ya ɗaga hannu kuwa ita ce ranar da idon malam ya faɗa kansu. Idan aka haɗa su aka yi musu hukunci ɗaya, azzalumin ya fahimci cewa sakamakon aikinsa bai wuce bulala shida ba, wadda bayansa ya riga ya saba da ita, wanda aka zalunta kuma ya fahimci cewa gaskiyarsa ba za ta fisshe shi a gaban malamai ba. Daga nan ake jin maganar da ya kamata ta tayar da hankalin kowane malami: "Za mu haɗu in an tashi." Shi ke nan faɗa ya bar harabar makaranta ya koma lungu, inda babu mai rabawa, inda yayye da abokan unguwa suke shigowa, wani da gora, wani da abin da ya fi gora.

Magabata ba su gafala daga wannan mas'ala ba. Muhammadu ɗan Sahnun, malamin Malikiyya na birnin Ƙairawan a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, wato 870 Miladiyya, ya wallafa ɗan ƙaramin littafi a kan ladubban malamai mai suna Adabul Mu'allimina, mafi yawansa kuwa abin da ya karɓo ne daga mahaifinsa Sahnun, ma'abucin Mudawwana. A cikinsa an tabbatar da cewa ladabtar da yara idan sun cuci juna haƙƙi ne a kan malami, amma sai bayan cutarwar ta tabbata, ko ta hanyar labarin da ya watsu a bakin jama'ar yaran, ko ta iƙirarin mai laifin, ko ta shaidar yaran da malamin ya sani da gaskiya. An iyakance dukan ladabi ga bulala uku, ba a ƙetare su sai da izinin uba, da izinin ma ba a wuce goma. An hana dukan fuska da kai, an hana duka don huce fushi, an kuma fi son kada malami ya wakilta wani yaro ya doki ɗan'uwansa. Mai karatu ya duba da kyau, zai ga cewa wannan tsarin alƙalanci ne, da hujja da iƙirari da tantance shaidu, aka shimfiɗa wa malamin allo shekara dubu da ɗari da ɗoriya da suka wuce, alhali mu da muke taƙama da takardun shaidar koyarwa muna zartar da hukunci a tsaye cikin minti biyu.

Sharaɗin ƙarshen nan shi ne wanda muka fi tozartawa. A makarantun kwana musamman, mun damƙa bulala a hannun manyan ɗalibai da sunan shugabanci, muka bar musu ɗakunan kwana daga isha'i har asuba, sa'an nan muna mamaki idan sun zarce. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai, wanda shi ma aka tara wa gajiya lokacin da yake ƙaramin aji, ba ya ganin bulalar nan amana ce. Bashi yake gani da lokacin karɓarsa ya yi. Rasuwar ɗalibai biyu a makarantar kwana ta Bichi a watan Yulin 2025, waɗanda aka tuhumi 'yan'uwansu ɗalibai da dukansu, har gwamnatin Kano ta ba da umarnin bincike, ta isa wa'azi ga mai hankali. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya keɓe fasali a Muƙaddimarsa yana bayyana yadda tsanantawa ke cutar da masu neman ilimi, ta koya musu ƙarya da yaudara saboda tsoron hannun da ke kansu, kuma duk wanda ya taɓa tambayar yaran ɗakin kwana waye ya fasa wa wani baki, aka amsa masa da cewa faɗuwa ya yi a bakin famfo, ya ga gaskiyar wannan magana da idonsa.

Ba na jahiltar halin da malamai suke ciki. Manufar ilimi ta ƙasa ta tsara malami ɗaya ga yara 35 a firamare, 40 a sakandare, amma aji mai ɗauke da yara fiye da ɗari ba baƙon abu ba ne a manyan biranenmu, kuma mutumin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ga uban da ke iya faɗowa makaranta da zagi don an taɓa ɗansa, dole ya nemi hanyar da ta fi gajarta. Matsalar ma ba tamu kaɗai ba ce, domin rahoton hukumar UNESCO na 2019 ya nuna cewa kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya ya fuskanci cin zali daga 'yan'uwansa. Dokoki kuwa akwai su, tun daga dokar haƙƙin yara ta 2003 har zuwa manufar kawar da tashin hankali a makarantu ta 2021, sai dai takarda ba ta sauraron ƙarar yaro.

Abin da nake nema bai wuce ƙarfin kowace makaranta ba, komai talaucinta. Idan an raba su, a zaunar da kowa a wurinsa har numfashinsa ya dawo, a ji ta bakin kowanne shi kaɗai, a tambayi biyu ko uku daga cikin waɗanda ba 'yan zuga ba, a rubuta abin da aka samu a littafi guda da ke ofishin hedimasta, domin sunan da ya bayyana sau uku a zango ɗaya ya riga ya faɗi waye mai tsokanar. Wanda ya ƙwaci kuɗi ya mayar, wanda ya yaga riga iyayensa su ɗinka, sa'an nan a yi sulhu. Wannan shi ne jerin da aya ta tara ta Suratul Hujurati ta koyar, a tsayar da mai ƙetare iyaka tukuna har ya dawo, sa'an nan a sulhunta da adalci. Musafahar da aka tilasta kafin a mayar da haƙƙi ba ta wuce ƙofar ofis. Ranar da aka yi irin wannan shari'a kuma, malami ɗaya ya tsaya a bakin ƙofar makaranta lokacin tashi har yara su watse.

Ina roƙon shugabannin makarantunmu, na gwamnati da na kuɗi da na Islamiyya, kafin zangon nan ya ƙare su karɓe bulala daga hannun kowane ɗalibi, monita ne ko shugaban ɗalibai, su kuma hana malamansu dukan yara biyu a kan faɗa ɗaya matuƙar ba a saurari kowannensu ba.