Kafin ka sayi allon editin, daina kallon girmansa

Bidiyon biki na farko da aka biya ni kuɗi masu kauri, a kan talabijin mai inci 43 na tace shi. Na haɗa ta da laftof ta wayar HDMI, komai ya fito tas, ina ta yaba kaina. Washegari yayar amarya ta kira ni: "Malam, ya aka yi ƙanwata ta koma kamar wadda ta tashi daga jinya?" Na buɗe bidiyon a wayata, sai ga fuska ta koɗe ta yi rawaya, leshin amarya mai ruwan goro ya dusashe. Haka na sake aikin daga farko, ba ko sisi.

Laifin talabijin ne, ko in ce nawa da na yarda da ita. Yadda take fitowa daga kwali, an saita ta ne don ta ja idon mai saye a shago: haske ya yi yawa, kala ta yi ƙarfi, farinta kuma ya karkata zuwa shuɗi. Da na ga kala ta yi yawa sai na rage, da na ga shuɗi sai na ƙara rawaya. Ashe cutar da babu ita a bidiyon nake ta yi wa magani.

Shi ya sa nake ganin matashin da ya fara da CapCut a waya, yanzu yake son komawa kwamfuta, bai kamata ya fara da tambayar "inci nawa ne?" ko "4K ne?" ba. Abin tambaya shi ne ko allon yana nuna kala yadda take. Yawancin bidiyon da ake ɗorawa a YouTube da TikTok da Facebook suna bin ma'aunin kala da ake kira Rec.709, wanda iyakar kalolinsa ɗaya ce da ta sRGB. Nemi allon da aka rubuta yana cika kashi 99 ko 100 na wannan ma'auni. Ya zama nau'in IPS, domin mai arhar nan na TN da ka ɗan karkata kai kalarsa ta canza. Duba kuma wata lamba da ake kira Delta E, wadda ke nuna tazarar da ke tsakanin kalar gaskiya da wadda allon ya nuna. In ta gaza 2, da wuya ido ya ga bambanci. ASUS ProArt PA248QV, mai inci 24, ya cika waɗannan sharuɗɗa duk da ba 4K ba ne, kuma akwai irinsa a jerin Dell UltraSharp da BenQ PD. Ga wanda ke aiki da inbata ko ƙaramin janareta, irin wannan allo bai kai babbar talabijin shan wuta ba.

Wani zai ce, to ai masu kallona a waya suke, kowace waya da kalarta, wahalar ta mece ce? Nan ne ma amfanin yake. Tun da wata wayar tana ƙara kala wata tana ragewa, gara aikinka ya tsaya a tsakiya. In ka tace a allon da ya karkata, karkatarsa za ta haɗu da ta wayar mai kallo, abin ya ninka. Kuma fatar mutum ce ke fara tona asiri, musamman baƙar fata, wadda kuskure kaɗan ke mayar da ita toka-toka ko ja.

Sayen allon ma ba shi ne ƙarshe ba. Saka shi a tsarin Rec.709 ko sRGB, farinsa a 6500K, ka rage haske zuwa kusan nit 100 ko 120. Da farko za ka ga kamar ya yi duhu, ido zai saba. Ja labule, kada rana ta doki allon. In da hali, ku haɗa kuɗi da abokan sana'a ku sayi na'urar daidaita kala irin Datacolor Spyder, tun da ba kullum ake buƙatarta ba.

Maganar HDR kuwa, ka bar ta tukuna. Allo mai arha da aka manna wa tambarin HDR400 ba ya nuna HDR na kirki. Tun daga iPhone 12 da ta fito a 2020, wayoyin Apple na ɗaukar bidiyo da Dolby Vision, shi ya sa wani lokaci in ka jefa shi a manhajar editin sai ka ga haske ya ƙone ko kala ta wanke. Kashe shi a saitin kyamara kafin ka fita aiki.

In kuɗin bai kai ba yanzu, akwai dabara. Talabijin ɗinka in tana da Filmmaker Mode ko Cinema, koma can. Sannan kafin ka miƙa aiki, tura shi waya biyu: a Samsung ka zaɓi Natural maimakon Vivid, a iPhone ka kashe True Tone da Night Shift. Ni har yau sai na aro tsohuwar Tecno ta ƙanina na kalli fuskar amarya a ciki kafin in ce wa mai biki ya zo ya karɓa.