A Bar Wa Maraɗi Benayenta, A Dubi Agye Da Gidan Rumji

Tun da hukumomin Yamai suka rage kuɗin asibiti da rabi a watan Agustan 2024, waƙa ɗaya ake rera mana a kowace fada: jama'a sun yi yawa, tsohon asibitin jiha na Maraɗi ya gaji, a faɗaɗa shi, a ɗora bene, a ƙara gadaje. Kowa ya zama injiniya dare ɗaya. Har da masu sayar da siminti, su ma tausayin majinyata ya hana su barci.

To, su wa suka cika asibitin? Ka tambayi matan da ke jinya da tabarmarsu da buta da 'yar tukunya daga ina suke. Za ka ji Cadakori, Sae Sabuwa, Caduwa, Gangara. Ba sha'awar ganin birni ta kawo su ba, turo su aka yi. Tsarin a takarda ba shi da laifi: ƙaramar likitar ƙauye ta miƙa wa cibiyar lafiya ta CSI, CSI ta miƙa wa asibitin gunduma, sai abin da ya gagara ya wuce Maraɗi. Amma ranar da babu jini, ko mai yin aiki ba ya nan, ko wuta ta ɗauke, mace mai naƙuda da ta sha amalanke tun asuba sai a sake ɗora ta a mota, a kama kwalta kilomita wajen 80 daga Agye. Dangi su haɗa kuɗin mai, jika kan jika. Wadda ta isa da rai ita ce "cunkoson" da ake son maganinsa da bulo.

Wai Maraɗi ce cibiya, kowa can yake zuwa. Mun ji. A zamanin Issoufou Mahamadou an gina wa birnin wani katafaren asibitin ƙwararru, ban da tsohon. Gazawa fa? Tun 2011 aka cire ta daga Agye aka ce ta zama gunduma mai cin gashin kanta, aka kawo hatimi da tuta. Mutumin Gazawa da ciwo ya kayar tsakar dare shi zai gaya maka ko hatimi na ƙarin ruwa.

Abin da ya fi ci mini rai ma wutar lantarki ce. Layin da ke tasowa daga Katsina a Gazawa yake sauka kafin a raba wa Maraɗi da Damagaram. Da Najeriya ta katse shi a Agustan 2023 saboda takunkumin CEDEAO kowa ya ga yadda duhu yake. Firjin allurar rigakafi da na ajiyar jini ba su san siyasar CEDEAO ba. Kuɗin bene ɗaya zai sa faifan hasken rana da batura a likitoci nawa? Ba mai son wannan lissafi, don ba a yanka ƙyalle a gaban batir, talabijin ba ta zuwa.

Kuma ba yau aka fara ba. Shugaba Tandja ya cika ƙauyuka da ƙananan likitoci, da yawa suka zauna ba magani. A 2005 aka ce fiɗar haihuwa kyauta ce, a 2006 aka ce yaro ƙasa da shekara biyar kyauta ne, sai gwamnati ta riƙa jan ƙafa wajen biyan likitocin kuɗinsu har kantocin magani suka bushe. Yunwar 2005 ta nuna wa duniya tamowar yaran jihar nan, muka bar wa ƙungiyar likitoci ta MSF da sauran ƙungiyoyi ɗawainiyar, kamar 'ya'yan nasu ne. A 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka kwararo gundumar Gidan Rumji. Ban ji masu waƙar bene sun ɗaga murya a lokacin ba. Manyan birni dai, da ciwo ya taɓa su, Yamai suke nufa ko ƙasar waje.

A gyara rufin tsohon asibitin inda yake yoyo, ba wanda ya hana. Sauran kuɗin a kai Agye da Gazawa da Gidan Rumji: ɗakin fiɗa mai aiki dare da rana, ajiyar jini, ungozoma mai albashi, motar ɗaukar marasa lafiya mai mai a tanki. Damina na tafe da masassarar cizon sauro. Mai girma gwamna, a fara daga can.