AN BAR JAKI ANA DUKAN TAIKI

Jama'a, tun daga daren Lahadi 16 ga Nuwamba 2025, sa'ad da Kwango ta fitar da Nijeriya daga neman zuwa gasar Kofin Duniya a birnin Rabat, gardamar tamaula ba ta kwanta ba a Sanyinna. In ka zauna teburin mai shayi ita ce, in ka je tasha ita ce, ranar kasuwa kuwa har baƙi daga Dogon Daji da Jabo da Kebbe su kan ajiye ciniki su tsoma baki. Da fari mun ɗauka zancen yara ne, muka kau da kai. Amma da muka ji manya masu riƙe da mulki sun shiga ciki, suna cewa wai samarinmu ba su da kishin ƙasa tun da sun fi son kallon Arsenal da Barcelona bisa ga Super Eagles, sai muka ga lalle ba za mu yi shiru ba.

Masu gardamar kashi uku ne. Akwai masu cewa ƙungiyar ƙasa tana ci gaba, a dai yi haƙuri. Akwai masu cewa ƙungiyar ta mutanen Kudu ce, ba ruwan ɗan Arewa da ita. Sa'an nan akwai samari, su ne mafi yawa, waɗanda suka ce su dai sun wanke hannunsu. Na ji wani dattijo a gidan kallo yana yi wa ɗan ƙanensa faɗa don ya ga ya sa rigar Chelsea, yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, amma mi Nijeriya tay yi muna?" Dattijo ya buɗe baki, ya rasa ta cewa, sai ya ce a kawo masa shayi.

Bari mu fara da masu cewa ana ci gaba, domin ba mu hana su gaskiyarsu ba. Ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abijan ran 11 ga Fabrairu 2024, masu masauki suka ci ta 2 da 1. A Janairun 2026 ta zo ta uku a Maroko. Victor Osimhen ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 2023, Ademola Lookman ya gaje shi a 2024. Duk mun yarda. To, amma wannan ai shi ne ya ƙara tona asirin. Ƙasar da ta fitar da gwarzon nahiya shekara biyu a jere, yaya za a yi a ce ta kasa zuwa Kofin Duniya sau biyu a jere? A 2022 Gana ta hana mu a cikin gidanmu, a Abuja, har 'yan kallo suka fusata suka faɗa fili suka yi ɓarna. A wannan karon kuwa an faɗaɗa gasar zuwa ƙasashe 48, aka ba Afirka kujera 9 kai tsaye, watau an buɗe ƙofa har raƙumi ya wuce da kayansa, mu muka maƙale. Tsibiran Kef Bad, waɗanda mutanensu duka ba su kai miliyan ɗaya ba, sun sami shiga. Mu kuwa a wasanni huɗu na farko maki 3 muka tara: kunnen doki da Lesoto a Uyo, kunnen doki da Zimbabuwe, kunnen doki da Afirka ta Kudu, sa'an nan Binin ta doke mu. In wannan ne ci gaba, to, irin na mai haƙar rijiya ne.

Ina dalili? Masu mulki suna so mu ce yaran ne ba su da zuciya. Mu kuwa muka ce a dubi abin da ya faru ran Talata 11 ga Nuwamba 2025, saura kwana biyu a kara da Gabon. 'Yan wasa da ma'aikatansu suka ƙi fita atisaye a Rabat saboda ba a biya su haƙƙinsu ba. Ka ji fa! Ranar da ya kamata mutum ya kwana yana tunanin abokin karawa, ya kwana yana bin bashi. Kuma ba yau farau ba. A 2013 sun ƙi hawa jirgi a Namibiya a kan kuɗin alawus. A 2014 a Barazil sun ƙi atisaye kafin wasa da Faransa, a kan kuɗi. A 2016 ƙungiyar Olamfik ta maƙale a Atalanta ta Amurka, ba ta isa Barazil ba sai ranar da za ta yi wasanta na fari, daga baya har wani likita ɗan Japan ya ji tausayi ya ba su kyauta daga aljihunsa. Mai horarwa Gernot Rohr sai da ya kai ƙara gaban FIFA kafin a ba shi gaskiya a kan haƙƙinsa. Shekaru sun shuɗe, gwamnatoci sun canja, wannan jam'iyya ta sauka waccan ta hau, halin dai ɗaya ne. A Janairun 2024 aka yi ta shela cewa Shugaban Ƙasa ya amince a fitar da Naira biliyan 12 don a biya basussukan ƙungiyoyin wasa na ƙasa. Ba a cika shekara biyu ba sai ga yajin Rabat. Muna tambaya, kuma ba za mu gaji da tambaya ba: wa aka biya, nawa aka biya shi, saura nawa? Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Sai masu cewa ƙungiyar ta 'yan Kudu ce. 'Yan'uwa, a nan kam sai mun faɗa muku mai ɗaci. Wannan magana ita ce wadda masu mulki suka fi so su ji a bakinku, domin muddin talakan Sanyinna yana harara talakan Aba, ba wanda zai tuna ya leƙa littafin kuɗi. Wa ya ke shugabancin hukumar ƙwallo? Ibrahim Galadima na Kano ya riƙe ta, Aminu Maigari na Bauci ya riƙe ta daga 2010 zuwa 2014, Ibrahim Musa Gusau kuwa, maƙwabcinmu na Zamfara, shi aka zaɓa a 2022. In da zaman ɗan Arewa a kan kujera shi ne magani, da tuni mun warke. A fili kuma ba a taɓa rufe mana ƙofa ba. Garba Lawal da Tijjani Babangida daga Kaduna suka fito. Ahmed Musa, wanda ya yi suna a Kano Pillars, ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Aisilan biyu a 2018. Shehu Abdullahi haifaffen Sakkwato ne, ya ɗauko tagulla a Olamfik na 2016, ya je Kofin Duniya a 2018. Zaidu Sanusi kuwa ɗan Jega ne, nan kusa da mu, wanda ya hau mota a Tambuwal da hantsi ya isa garinsu bai ji yunwa ba, ga shi ya kai har Porto ta Fotugal.

Abin tambaya shi ne me ya sa ba su fi haka yawa ba. Amsar tana nan a bayan gidanku. Ku dubi inda yaranmu su ke buga tamaula: a fako, a kan tsakuwa, ba takalmi, an dasa duwatsu biyu a madadin raga. Na san wata makarantar firamare a yankin nan wadda filinta ya raini 'yan wasan unguwa uku, yau an yanka rabinsa fuloti, sauran rabin akuyoyi ke kiwo. Dā akwai gasar makarantu, malamin wasanni ya fito da usur, gari ya fito kallo. Ina ta ke yanzu? Wa ya hana a yi ta, mutumin Kudu? Kantomomi da shugabannin ƙananan hukumomi nawa suka shige, kowanne ya zo lokacin zaɓe ya raba riguna masu hotonsa a ƙirji, ya sa kofi da sunansa, ana gama ƙidayar ƙuri'a kofin ya ɓace? Sokoto United tana nan a filin Giginya, amma yaro nawa daga Kebbe ko Kuchi aka taɓa aiko mota ta ɗauka don a gwada ƙafarsa? Zaidu da Shehu ba tsari ne ya fitar da su ba, Allah ne ya yi, da naci irin nasu. Bayan kowane ɗayansu akwai ɗari da suka koma acaba ko suka tafi cin rani.

Har ɗan abin da ya zo daga waje ma sai an yi ta jayayya a kansa. An gina ƙaramin filin wasa a Birnin Kebbi da kuɗin FIFA, kimanin dala miliyan 1.2. Da hotonsa ya bazu a Oktoban 2025 jama'a suka yi ca, suna cewa abin da ido ya gani bai yi kama da kuɗin da kunne ya ji ba. Hukuma ta ce an bi ƙa'ida. Madalla. Mu ba mu ce an ci ba, ba mu ce ba a ci ba. A buga lissafin dalla dalla a jarida, da Hausa, nawa ciyawa, nawa katanga, nawa kujeru, mai tallan goro ma ya karanta ya gamsu. Maroko da ta fitar da mu a wasan kusa da ƙarshe a Janairun 2026, ta kuma kai wannan matsayi a Kofin Duniya na 2022, ba da surkulle ta yi ba. Makarantar koyon ƙwallo ta gina a garin Sale, ta yi shekara fiye da goma tana renon yara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu mu zo ga samarin da a ke zagi. Wai ba su son ƙasarsu. Subhanallahi! Waɗanda su ke wannan magana sun manta da ran 25 ga Maris 2016, da aka kawo wasan Nijeriya da Masar filin Ahmadu Bello a Kaduna? Mutane suka cika fili har ya tumbatsa, wasu suka hau katanga, wasu suka ɗare ƙarafan fitilu, suna wasa da rayukansu don dai su ga kore da fari. Wannan shi ne rashin kishi? Ku tambayi dattawan garin nan yadda aka kewaye akwatin rediyo ran 22 ga Maris 1980, da Green Eagles suka ci Aljeriya 3 da nema a Ikko, Alhaji Shehu Shagari, ɗan maƙwabtanmu, ya miƙa wa Christian Chukwu kofi. Ko waɗanda ba su bi jam'iyyarsa ba sun yi murna a wannan dare. Ku tambayi masu shekara arba'in yadda gari ya kwana a 1996 da aka doke Barazil da Ajantina aka ɗauko zinariya. Ko a 2013 da Stephen Keshi ya ci kofi, wanda ya zura ƙwallon nasara, Sunday Mba, ɗan wasan gida ne, ba daga Turai aka ɗauko shi ba. Soyayya tana nan, an dai bar ta da yunwa.

Ta yaya yaro zai so abin da ba ya gani? A neman zuwa Kofin Duniya na 2026 duk wasannin gida a Uyo aka yi su, fiye da kilomita 1,000 daga nan. Ba mu ƙi mutanen Uyo da alheri ba, sun gyara filinsu sun ci moriyarsa. Abin kunya na waɗanda suka bar filin Ikko, inda aka ci kofin 1980, ya lalace, suka bar na Abuja ciyawarsa ta mutu sau da yawa, suka bar Arewa duka ba filin da za a kai babban wasa. Yaron da aka haifa a Sanyinna a 2005, shekarar da aka yi kunnen doki da Angola a Kano, yau ya isa aure bai taɓa ganin ɗan wasan ƙasarsa da ido ba. A talabijin ma sai in mai gidan kallo ya sayi mai, tun da wutar lantarki baƙuwa ce. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin shiga ya hau, domin janareta ba ya shan ruwan rijiya. To, saurayi ya yini yana ban ruwan albasa a fadama, ya ware 'yan kuɗinsa na kallo. Ga wasan Ingila, kowane mako ana yi, a kan lokaci, ba yaji, ba ƙarya. Ga na ƙasarsa, sai bayan wata biyu, shi ma da labarin bashi a gaba, takaici a baya. In kai ne, ya mai girma, wanne za ka biya?

Mu ba mu ce samari sun kyauta da su ke doke juna a kan Madrid da Barcelona ba, garuruwan da ba su san da zaman Tambuwal a duniya ba. Wannan wauta ce, kuma mun faɗa musu a gabansu. Amma mai wa'azin kishin ƙasa ya fara wanke bakinsa tukuna. Duk ranar da aka ci kofi, ko aka kusa ci, su ne a gaba wajen ɗaukar hoto, a raba lambobin girma, a yi alkawarin gida da fili a Abuja, a ce nasarar gwamnati ce. Ranar da aka faɗi kuwa ba ka ganin ƙeyar kowa, sai a kori mai horarwa a kawo wani. A wannan neman da ya wuce mutum uku suka ja ƙungiyar, Peseiro da Finidi da Chelle, kujerun ofis kuwa ba wadda ta motsa.

Saboda haka ga abin da mu ke nema, kuma muna roƙon kowane reshe na jam'iyyarmu daga Sanyinna har Kebbe ya ɗauke shi ya kai gaban kansilansa da ɗan majalisarsa. Hukumar ƙwallo ta buga lissafin abin da ta karɓa daga FIFA da gwamnati tun daga 2022. Majalisar Tarayya ta kira ta ta yi bayanin yajin Rabat a bainar jama'a. A gyara fili guda a Kano ko Kaduna har ya isa a kawo wasan ƙasa. A nan gida kuma, a hana yanka filayen makarantu, a mai da gasar firamare tsakanin gundumomi, a sa kuɗinta cikin kasafi a rubuce, kofin kuwa kada a sa masa sunan kowane ɗan takara. Wanda ya zo neman ƙuri'a da buhun riguna, ku karɓi rigar, ku nuna masa fakon da yaranku su ke wasa, ku ce ya tuɓe takalmi ya taka.