Karen da ba ya jin kira, laifin mai shi ne



Ranar Talatar da ta wuce, ina cikin shirin da nake buɗe wa masu saurare layi, wata dattijuwa ta bugo tarho daga wani ƙauye na yankin Madarunfa. Rezo na ta yankewa, amma na ji abin da ta ce: "Ɗana, karen ƴan hwarauta ya kashe mini akuya. Ina tsaye ina kallo. Mai shi shina ta kira, shina ta kira, karen ga ko waiwaye bai yi ba." Jar akuya ce irin tamu ta Maraɗi, tana shayar da ƴaƴa biyu. Da kuɗin adashi ta saye ta.

Nan take layi ya cika. Wani ya ce a bi karnukan duka a sa musu guba. Wani mafarauci kuma ya bugo ya ce: "Malam, kare dabba ne. In ya ga abu na gudu, ba mahalukin da ke tsai da shi." Lokaci ya ƙare ban ba shi amsa ba, kuma maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na kawo ta nan. Ɗan uwa, ban yarda ba. Ana tsai da kare. Wanda ba ya tsayawa, ba a koya mishi ba ne, ko kuma an koya mishi kishiyar abin da ake so.

Tun kafin mu je ga dabara, addini ma ya riga ya yi magana. Aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da dabbar farauta ta kamo, da sharaɗin horarriya ce kuma an ambaci sunan Allah. Da malaman fiƙihu suka zo bayanin horarren kare, sai suka ce shi ne wanda in an cuna shi ya tahi, in an tsawata mishi ya tsaya, wasu suka ƙara da cewa in an kira shi ya amsa. In kuwa kare ya zabura don kanshi, ba wanda ya aike shi, ya kashe zomo, ba a cin naman sai in an tarar da shi da rai an yanka. Ke nan wanda ya ce ba a iya tsai da karenshi, da bakinshi ya jefa shakka a tukunyar gidanshi. Ku tambayi malaman unguwarku ku ji.

To mi ke hana kare dawowa? Ku tuna abin da kowa ya taɓa gani. Kare ya ɓace cikin daji, mai shi ya yi kira har murya ta dushe. Can bayan awa guda sai ga shi ya dawo, harshe waje, yana kaɗa wutsiya. Da mi ake tarbar shi? Da sanda. Mai shi na ganin ya hukunta guduwa. Shi kuwa kare ba ya lissafin abin da ya wuce da awa guda. Abu na ƙarshe da ya yi shi ne zuwa wurinka, kuma a nan ya sha duka. Ka yi mishi haka sau uku, ka gama karantar da shi cewa muryarka na nufin sanda. Gobe in ka kira, sai ya tsaya nesa yana kallonka, ka ce ya cika taurin kai.

Ni na tashi a gaban wani kawuna, mafarauci, a wajen Dakwaro. Duk hutun lakol can nake tahiya. Bai taɓa shiga aji ba, amma yadda yake horon kare, yanzu na gane tsari ne mai hawa-hawa. Tun kwikwiyo na da wata biyu zuwa uku yake farawa. Suna ɗaya, fito ɗaya da baki, ba ya canzawa, kuma yaran gida an hana mu yin wannan fiton don wasa. Lokacin cin abinci kaɗai yake yin shi da farko: ya yi fito, kwikwiyo ya rugo, ya tarar da ƙanzon tuwo ko ɗan ƙashi a gindin ƙafarshi. Kullum, safe da marece. Kafin wata guda, ko barci ɗan karen yake, ya ji fiton sai ya miƙe.

Daga nan sai doguwar igiya, kamar gaba goma. Ya fita da shi bayan gida, ya bar shi ya shagala da shinshine-shinshine, sannan ya yi fito sau ɗaya. In ya zo, ga ɗan busasshen nama daga aljihu. In bai zo ba, ba tsawa, ba fizga. Ya janyo igiyar a hankali har karen ya iso, kuma duk da haka ya ba shi wani abu. Na taɓa tambayar shi don mi zai saka wa wanda sai da aka janyo. Ya ce: "Ina so shi san wurina ya hi ko'ina daɗi." Kuma ba ya maimaita kira. A ganinshi, wanda ya kira kare sau goma ya koya mishi cewa tara na farko ba komi ba ne.

Akwai abu biyu da nake ganin matasa ba su sani ba sam. Na ɗaya, in karen ya dawo, kawu yakan ba shi ladanshi ya sake sallamar shi ya koma wasa. Sau biyar zai kira, sau ɗaya kawai zai ɗaure. Don in duk kira ɗauri ne ke biyo baya, kare ma ba wawa ba ne. Na biyu, ba ya bin kare da gudu. In ya ƙi zuwa, sai kawu ya juya baya ya kama sassarfa zuwa wani gefen. Abin dariya ne ka ga tsoho na gudun karenshi, amma nan da nan za ka ga karen ya biyo shi.

Jarrabawa ta ƙarshe ita ce bisashe. Da igiya a wuya zai ratsa da shi cikin kaji, cikin awaki, kusa da ƴan raguna masu tsalle-tsalle. Idonshi na kan karen. Da zarar ya ga kunne ya miƙe, jiki ya sandare, a daidai nan yake yin fito, tun ƙafa ba ta tashi ba. A nan kam mai bugo tarhon nan yana da ƴar gaskiya: karen da ya riga ya zabura, kiranshi na da wuya ƙwarai. Amma ai shi ya sa ake fara horon tun daga kusa, kan abu mai sauƙi, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Watanni ake yi. Kawu ba ya kwance wa kare igiya a daji sai ya ga ya bar akuya mai gudu ya dawo wurinshi.

Za a ce mini kare in ya ƙoshi ko ya saba da mutum, zafinshi na mutuwa, gara a bar shi da yunwa. To mu dubi karen Azawak na ƴan uwanmu Buzaye, can wajen Abalak da Cintabaraden. Kare ne da ke kamo barewa da gudu, amma a tsakiyar garke yake kwana, tare da ƴan awaki ya girma. Yunwa kuwa ba ta san bambancin zomo da akuyar mutane ba. Masu ƙyamar taɓa kare su ma ba su da hujjar duka: ba wanda ya ce ka rungume shi, ka jefa mishi ladan a ƙasa ya isa.

Abin da ya canza yanzu shi ne gaggawa. Yaro zai sayi babban kare wannan mako, mako mai zuwa ya ɗora shi bisa moto sai daji, cikin ayarin karnuka ashirin da ba su san muryar kowa ba. Hausawa dai sun ce ba a kiwon kare ranar farauta. Kuma ku lura da lokacin: bayan kaka ake fita, daidai sa'ad da aka saki bisashe cikin gonaki suna cin kara. Fili ɗaya ne ya haɗa su. A wannan karon akuyar tsohuwa ce. Ranar da abin ya faɗa kan garken makiyayi, kun san yadda ƙaramar magana ke zama babba a karkararmu.

Ga kuma doka. Muna da doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 kan farauta da kare namun daji, kuma akwai wurare irin gandun Gadabeji, inda aka kai raƙuman dawa a 2018, da ba a farauta a cikinsu. Kare bai san iyakar gandu ba. Mai shi ne za a kama. Sannan karen da ke kwana a daji yana cuɗanya da dila da karnukan da ba su da mai su, ta nan ciwon haukan kare ke shigowa gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta shina kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma yara na da yawa a ciki. A yi wa kare allura wurin likitan dabbobi. Wanda aka ciza, a wanke wurin da ruwa da sabulu tsawon minti 15, a wuce likita ranar nan, kar a jira.

Roƙona ga sarakunan baka da shugabannin mafarauta: kafin a fita kowace shekara, a tara karnuka a bakin gari, a koro awaki, kowa ya kira nashi a gaban jama'a. Wanda ya dawo, bismilla. Wanda ya ƙi, ya zauna da igiya sai baɗi. Ba ya cin ko dala. Wanda kuma karenshi ya yi ɓarna, ya biya cikakken kuɗi ba tare da an kai ruwa rana ba.

Jiya na sake kiran dattijuwar. An zauna gaban mai gari, yaron ya amsa laifi, ya ba da rabin kuɗin, sauran sai ya sai da wake. Ƴan awakin biyu, ɗaya ya mutu, ɗayan tana ba shi nonon akuyar maƙwabciyarta. Na tambaye ta karen fa? Ta ce tana jin ihunshi daga gidansu, tun ranar ake dukan shi.

Mafarauta, Talata mai zuwa layin naku ne. Ku bugo.