Karrama Gwanayen Nutso: Iya Ruwa Fid Da Kai

A kowace shekara, masu sana'ar nutso da tulun iska a ƙarƙashin teku sukan taru su karrama dattawansu. Daga cikin lambobin yabo mafiya daɗewa a wannan fanni akwai NOGI, wadda aka soma bayarwa a Amurka a shekarar 1960, ta kuma samo sunanta daga wata gasar kamun kifi ta yankin New Orleans. A shekarar 2000 aka kafa zauren tunawa da gwanayen nutso na duniya a tsibiran Cayman. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan mutumin Kano ko Sakkwato da wannan batu. Abin da ya ja hankalinmu shi ne irin mutanen da ake zaɓa, da ma'aunin da ake zaɓensu da shi.

A rukunin farko na zauren Cayman akwai Jacques Cousteau, Bafaranshen da fina-finansa suka nuna wa duniya ƙarƙashin teku. Amma an sanya Émile Gagnan tare da shi, wato injiniyan da suka haɗa hannu a shekarar 1943 suka ƙera na'urar da ke bai wa mai nutso iska daidai da buƙatar numfashinsa. Cousteau ya yi suna, Gagnan kuwa kaɗan ne suka san shi, alhali ba don aikinsa ba da sana'ar ba ta kai inda ta kai ba. A rukunin akwai Sylvia Earle, masaniyar halittun teku wadda ta shafe shekaru aru-aru tana bincike, akwai kuma malaman horarwa da likita. Ma'aunin a fili yake: abin da mutum ya bar wa na baya.

Muna ganin wannan ma'auni shi ne daidai, domin ruwa ba ya sassauta wa kowa. Duk mita 10 da mutum ya ƙara nitsewa, nauyin da ke danne jikinsa yakan ƙaru da kwatankwacin na iskar da ke doron ƙasa. Iskar naitirojin takan shige jini da tsoka, idan kuma ya yi gaggawar fitowa sai ta yi kumfa a jikinsa, ta shanye shi ko ta kashe shi. Likitan nan ɗan Sikotilan, John Scott Haldane, shi ne ya tsara jadawalin fitowa daki-daki a shekarar 1908, kuma a kan harsashinsa aka gina na yau. Ahmed Gabr ɗan Masar ya kai zurfin mita 332 a Bahar Maliya a shekarar 2014. Gangarawar ba ta ɗauke shi rabin sa'a ba, amma fitowar ta ci fiye da sa'a 13. Da ma Bahaushe ya ce iya ruwa fid da kai.

Akwai masu cewa lambar tsawon hidima ta tsofaffi ce, tana tauye matasa masu ƙarfin hali, kuma ba don ƙarfin hali ba da ba a gano komai ba. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, sai dai tarihin sana'ar ya ba su amsa. Sheck Exley, ɗaya daga cikin gwanayen nutso a kogunan dutse, ya rasu a Meziko a shekarar 1994 yana neman kaiwa zurfin kimanin mita 300. Abin da ya ceci rayuka daga cikin ayyukansa shi ne ɗan littafin kariya da ya fitar a 1979, bayan ya bi diddigin yadda abokan sana'arsa suke mutuwa. Lambar da ke yaba zurfi kaɗai tana tura matasa ga halaka. Wadda ke yaba koyarwa da kariya tana haifar da irin ƙwararrun da suka fito da yara 12 da kocinsu daga kogon Tham Luang na ƙasar Tailan a shekarar 2018. Shekaru masu yawa na horo ne suka yi wannan aiki, kuma duk da haka sai da Saman Kunan ya rasa ransa a cikinsa.

A nan ne batun ya shafe mu. Lokacin da jirgin ruwa ya kife a yankin Wara ta Jihar Kebbi a shekarar 2021, da sauran haɗurra irinsa, masunta da masu nutso na gargajiya suna cikin waɗanda suka fara faɗawa ruwa, ba tulun iska, ba rigar kariya. Kakanninmu sun san darajar irin waɗannan mutane, shi ya sa suka yi sarautar Sarkin Ruwa. Muna kira ga gwamnatocin jihohin da ke bakin Neja da Binuwai da su zaƙulo dattawan wannan sana'a, su karrama su tun suna raye, su rubuta iliminsu, su kuma sama wa 'ya'yansu horo da kayan aiki na zamani. Yabon gwani ya zama dole, amma sai an fara sanin wane ne gwanin.