Hangen Dala ba shiga birni ba ne

Duk wanda yake sauraren sanarwar rasuwa a gidajen rediyon Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai ya san kalmar nan da ake maimaitawa kusan kullum: «bayan gajeriyar rashin lafiya». Alhaji ya buɗe kanti da safe, ya yi ciniki, ya tashi zai yi alwala, ya yanke jiki ya faɗi. Ma'aikacin da bai kai shekara hamsin ba ya bar biro da ciwon kai, washegari ɓarin jikinsa ya shanye. A wurin zaman makoki wani ya ce jifa ne, wani ya ce iska ce, a yi addu'a a watse. Rai na Allah ne, babu mai ja da wannan. Amma sababin da yawa daga cikin irin waɗannan mace-mace yana da suna, likitoci sun san shi, kuma maganinsa yana cikin mafi araha a duniya. Sunansa hawan jini, wanda mutanen birni suke kira tansiyo.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum wajen miliyan 18 a shekarar 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mamatan suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Rahotonta na 2023 ya ce mutum biliyan 1.3 suna da hawan jini, kuma huɗu cikin kowane biyar ba su samun maganin da ya ishe su. Ke nan zancen wai ciwon zuciya cutar Turawa ce, ko ta masu ƙiba da mota, ya daɗe da zama tatsuniya.

A ƙasashen da suke da hali, ilimin maganin zuciya yana gudu kamar dokin sukuwa. A 2019 hukumar kula da magunguna ta Amurka, wato FDA, ta amince da tafamidis, maganin wata cuta da ke sa naman zuciya ya yi tauri har ta kasa aiki. A 2020 ta yarda a ba masu kasawar zuciya dapagliflozin, wanda da farko don ciwon suga aka yi shi. A ƙarshen 2021 ta amince da inkilisiran, allurar rage kitsen jini da ake yi sau biyu a shekara. A watan Maris na 2024 ta yarda a yi amfani da semaglutid domin kare masu ƙiba da suka riga suka kamu da ciwon zuciya, bayan gwaji a kan mutum fiye da 17,000 ya nuna ragin kashi 20 cikin 100 na bugun zuciya da shanyewar jiki da mutuwar da suke jawowa. Wannan ci gaba ne na gaskiya, kuma duk likitan da ya san darajar aikinsa wajibi ne ya san da shi.

To, amma a dubi farashi. Ranar da tafamidis ya shiga kasuwa, kuɗin shansa na shekara guda dala 225,000 ne, kuma dalar Amurka ake nufi, ba dalar kasuwar Maraɗi mai tamma biyar ba. Wannan ya haura miliyan 120 na sefa. Ma'aikacin da yake karɓar mafi ƙarancin albashi, jikka 42 a wata tun 2024, sai ya yi fiye da shekara 230 yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi maganin shekara ɗaya. Abin takaicin ma shi ne, ɗaya daga cikin nau'o'in cutar gado ne da ake samu a jinin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na baƙaƙen Amurka, kuma bincike ya nuna asalin gadon daga Afirka ta Yamma yake, inda aka kwashi kakanninsu. Cutar tana da tushe a nan, maganin yana can inda hannu ba ya kai. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Da a ce labarin ya tsaya nan, da sai a ɗaga hannu sama a ce talauci ne, kamar yadda aka saba. Sai dai akwai wani sashe na wannan ci gaba wanda masu zuwa taro a otal-otal ba su cika kawo labarinsa ba, watakila don ba shi da ƙyalli. Likitoci sun daɗe da gane cewa yawancin masu hawan jini magani ɗaya ba ya isarsu, sai biyu ko uku, kuma mutumin da aka ɗora wa ƙwaya uku daga kwali uku, kowace da kuɗinta da lokacinta, da wuya ya daɗe bai watsar ba. Dabarar ita ce a haɗa tsofaffin magunguna, waɗanda kowace masana'anta take da izinin yin su, cikin ƙwaya guda da za a haɗiya sau ɗaya da safe.

Kuma ba a kan Turawa kaɗai aka gwada abin ba. A 2019 aka fitar da sakamakon gwajin da ake kira CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a kan baƙar fata 728 a ƙasashen Afirka shida, har da Najeriya da Kamaru. Ya nuna cewa haɗin da yake da amlodipin a ciki ya fi sauko da jinin baƙar fata bisa ga haɗin da ba shi da shi. A shekarar ce kuma OMS ta sa haɗin magani biyu cikin ƙwaya ɗaya a jerin magungunan da ta ce bai kamata wata ƙasa ta rasa su ba. A 2024 wani gwaji mai suna VERONICA, a kan mutum 300 a Najeriya, ya gwada ƙwaya mai ɗauke da magani uku, telmisartan da amlodipin da indapamid, kowane a ɗan ƙaramin awo. Cikin wata guda jinin kashi 81 cikin 100 na masu shan ta ya daidaita, alhali masu bin tsarin da aka saba kashi 55 ne kawai. Bayan wata shida an sami kashi 82 da kashi 72. A watan Yuni na 2025 FDA ta amince da wannan ƙwaya da sunan Widaplik, har ma a fara wa majiyyaci da ita. Wato maganin da Amurka ta karɓa an riga an gwada shi a tsallaken iyakar Ɗan Isa, a jikin mutanen da jininsu da abincinsu suke kusa da na mutanen ƙasar nan.

Haka batun yake ga wanda zuciya ta riga ta buga sau ɗaya. Gwajin SECURE na 2022, a kan tsofaffi 2,499 a ƙasashen Turai bakwai, ya haɗa asfirin da maganin hawan jini da na kitsen jini cikin ƙwaya guda, sai mutuwa ta dalilin zuciya ta ragu da kashi ɗaya cikin uku. Kafin nan, a ƙauyukan lardin Golestan na ƙasar Iran, mutum fiye da 6,800 sun shiga irin wannan gwaji na shekara biyar, manyan larurorin zuciya suka ragu da kashi 34 cikin 100. A watan Yuli na 2023 OMS ta shigar da irin waɗannan ƙwayoyi cikin jerinta. Hujja dai ta cika, har ta yi ambaliya.

Saboda haka tambayar da ta rage ta siyasa ce. Shekara da shekaru hanyar da manya suka sani ta maganin zuciya ita ce tikitin jirgi: a sa hannu a takarda, a fitar da babban mutum zuwa Faransa, Maroko, Tunisiya ko Indiya da kuɗin baitulmali, wato da lanhon mai sayar da albasa a Galmi da na mai tura kura a Damagaram. Kuɗin fitar da mutum ɗaya zai iya sayen abin awon jini ga gidajen likita masu yawa na karkara. An ƙaddamar da babban asibitin Yamai mai gado 500 a 2016 domin a rage wannan zirga-zirga, kuma a 2024 an rage rabin kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje a asibitocin gwamnati. Duka biyu abin yabo ne. Amma mai hawan jini a Tasawa ko Madawa bukatarsa ƙwaya ce kowace safiya har ƙarshen rayuwarsa, kuma ranar da ya kai ga bukatar gado a Yamai, aikin gama ya riga ya gama. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi domin lafiya. Jama'a suna da haƙƙin su ga lissafi a fili: nawa ake kashewa wajen fitar da majiyyata waje, nawa ake kashewa wajen sayen maganin hawan jini ga talaka, kuma gidajen likita nawa ne suke da abin awo mai aiki da ma'aikacin da ya iya shi.

Su ma ƴan kasuwa ba za su wanke hannu ba. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, magani ya yi tsada, talaka ya juya wa farmasi baya ya koma wurin mai tire da mai kwali a bakin tasha. Wani bincike mai suna SEVEN, da aka buga a 2017, ya sayo magungunan zuciya iri bakwai daga farmasi da kasuwannin ƙasashen Afirka goma, har da Nijar, ya auna samfur 1,530. Kashi 16 cikin 100 ba su da inganci. Na amlodipin, wato maganin da ya fi dacewa da baƙar fata, kusan kashi 29 ne suka faɗi jarrabawa, na kaptopril kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Mai zazzaɓi in ya sha jabu yakan gane, domin zazzaɓin ba zai sauka ba. Hawan jini kuwa ba ya sallama, mutum zai yi shekara yana haɗiyar alli yana murna, har ranar da zai faɗi. Wannan kaya ba aljanu suke shigo da shi ba. Akwai mai oda, akwai mai kamyo, akwai wanda ya kau da kai a duwan. Ƙasar da aka yi wa dubban ƴaƴanta allurar sanƙarau ta jabu a 1995 bai kamata a sake koya mata wannan karatu ba. Kuma attajirin da ya shigo da kwalin jabu ya sani cewa yaronsa na kanti ba zai tambayi asalin magani ba ranar da aka aike shi ya sayo wa Hajiya na tansiyo.

Za a ce ƙasa mai fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da mutuwar mata wajen haihuwa ba ta da sararin ciwon manya. Wannan magana tana da nauyi, amma ta manta cewa magidancin da ya shanye shi ne mai sayen gidan sauro da hatsin yaran, kuma hawan jini yana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata masu ciki. Za a kuma ce ƙwaya guda ba ta dace da kowa ba. Gaskiya ne: telmisartan haramun ne ga mai ciki, mai ciwon ƙoda sai an auna shi, asfirin yana iya sa zubar jini. Wannan dalili ne na a riƙe maganin a hannun ma'aikacin lafiya mai horo, da takarda guda da ke faɗa masa wanda zai ba da wanda zai tura gaba. Barin sa a hannun mai tire shi ne haɗarin. An bar jaki ana dukan taiki.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin gwamnati ba. A tabbatar haɗaɗɗun ƙwayoyin suna cikin jerin magungunan ƙasa, kuma ofishin ONPPC ya saye su da yawa daga masana'antun da aka tantance, domin sari ya karya farashi, abin da kowane ɗan kasuwa ya sani. A auna kowane kaya kafin ya bar sito. A auna jinin duk baligin da ya taka gidan likita, ko ciwon ido ya kawo shi. A ba majiyyaci maganin wata uku a tafiya ɗaya, don kada kuɗin mota ya fi kuɗin magani. Su kuma likitoci, in sun dawo daga taro, su rubuta ordonas da sunan magani na asali, su bar sunan kamfanin da ya biya musu otal.

Ƙungiyoyin ƙwadago sun san yadda ake rufe biro a kan bashin albashi, amma ga mambobinsu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya kafin su ci fansho, kuma wannan ma ya cancanci shiga takardar koke. Manyan ƴan kasuwa da suke gina masallatai da rijiyoyi suna iya ajiye ma'aikacin lafiya da abin awo a ƙofar kowace babbar kasuwa ranar cinta, su kuma tona asirin masu jabu da ke cikinsu, tun da sun san su. Awon jini bai kai minti biyar ba. Tafamidis zai iya jira har ranar da farashinsa zai sauko. Ƙwayar da aka gwada a maƙwabta kuwa babu abin da ya raba ta da Gazawa da Magarya sai sa hannun waɗanda suke da tikitin jirgi a aljihu.