Mai Awon Fim, Ɗan Ƙasar Faskari

A ƙasar Musawa, da Malumfashi har Funtua, ba wanda za a koya wa amfanin mai awo. Manomi ya sha wahalar audugarsa tun daga shuka har tsinka, amma ranar kasuwa sai an ɗora ta a kan sikeli, wani ya duba ya ce wannan lamba ɗaya ce, wannan kuwa da datti. In babu mai dubawa sai mai kyau da maras kyau su tafi kuɗi ɗaya. To, fim ma haja ce, kuma ta fi auduga shiga gidaje. Saboda haka ya kamata malamai da 'yan kasuwa su san wani ɗan yankin nan wanda ya ɗauki awon wannan haja sana'a, watau Malam Ibrahim Sheme, mutumin ƙasar Faskari.

Ya yi karatun aikin jarida a Jami'ar Bayero ta Kano, sa'an nan ya ƙaro a Kadif, can ƙasar Birtaniya. Yana aiki a jaridar New Nigerian ta Kaduna ne ya buɗe fili aka yi ta muhawara a kan littattafan soyayya, waɗanda Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano, shi kuwa Abdalla Uba Adamu ya tsaya yana kare su. A 1999 sai ya kafa mujallar Fim, wadda aikinta ba da labarin masu shirya fim na Hausa da yin sharhi a kan abin da suka shirya.

Akwai masu cewa mutumin kirki ba ya ɓata dare wajen kallon hoto mai motsi, balle ya ɗauki alƙalami a kansa. Wannan ƙyama tana da asali, ba a raina ta. Tun zamanin Turawa mutanen Kano suka sa wa abin suna dodon bango. Da gidan siliman El Duniya ya kama wuta a 1951, mutum fiye da 300 suka halaka, mutane da yawa sun ɗauka ishara ce. Amma fa a wannan zamani ɗin ne motar majigi ke yawo gari gari, hakimi da dagaci na zaune a gaba, ana nuna wa talakawa Baban Larai don su gyara noma. Ashe tun farko wuƙar baki biyu gare ta.

Daga baya an gwada hani iri iri. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, kaset ya cika kasuwa. A ƙarshen 2000 gwamnatin Kano ta dakatar da sana'ar, a 2001 ta kafa hukumar tacewa. A 2007 an sake dakatarwa wata da watanni, har aka ƙona littattafai. A 2016 malamai suka tashi a kan alƙaryar fim da aka so ginawa a Kofa, aka fasa. Duk da haka fim bai mutu ba, sai ma ya bar kaset ya koma cikin wayar hannu, inda ba ƙofa balle mai gadi. Almajirin da ke cajin waya a bakin tasha ya fi malaminsa sanin abin da ke ciki.

Malaman fiƙihu kuwa sun kafa ƙa'ida, ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa. Wanda bai taɓa gani ba, yaya zai rarrabe fim ɗin da ya ɗauko rawa da waƙar Indiya ya sa musu hula da mayafi, da wanda ya nuna zaluncin kishiya ko cin amanar maraya yadda mai kallo zai ji tsoron Allah? In ya haɗa su ya la'anta, yara sun san bai gani ba, sai maganarsa ta faɗi. Larabawa suna kiran mai irin aikin Sheme naƙidi, asalin kalmar kuwa daga masu canji take, waɗanda ke jujjuya dirhami su ware na gaske daga jabu. Da wannan kalma kuma aka san malaman da suka tace masu ruwayar hadisi. Ba a ce darajar aikin ɗaya ce ba, haba, amma hanyar ɗaya ce: a duba tukuna, sa'an nan a yi magana.

Abin da ya sa mutanen Musawa musamman bai kamata su manta da shi ba, shi ne littafin Shata Ikon Allah na 2006, wanda ya rubuta tare da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami. Alhaji Mamman Shata a garin nan aka haife shi, ya zauna a Funtua, ya rasu a Kano ran 18 ga Yuni 1999, aka binne shi a Daura. Da ba a bi dattawa an tambaye su an rubuta ba, da labarinsa ya bi su kabari, sai tatsuniyar aljanu ta rage. Mai son kallo ne ya yi wannan hidima, alhali masu zaginsa ba su rubuta tarihin ko limamin unguwarsu ba. Haka kuma littafinsa 'Yartsana na 2003 ya bi sawun yarinyar da ta faɗa karuwanci, bai ɓoye laifin manya a ciki ba.

Sai dai sana'ar tana da rami. Mai sharhi yana cin abinci a kasuwar da yake yi wa awo, waɗanda zai soka su ne hotunansu ke sayar masa da mujalla. Ranar da ya ji nauyinsu ya zama maroƙi, sikelinsa ya tashi daga aiki. Wannan jarrabawa tana kan kowane mai sharhi, kuma haƙƙin masu karatu ne su riƙa bin sa da ido.

Saura kuka ɗaya. Sharhin nan duk da boko ake yinsa. Dattijon da ke da 'ya'ya goma masu kallo, wanda ajami kaɗai yake karantawa, ba wanda ya rubuta masa ko shafi guda ya gaya masa abin da ke cikin fim ɗin da aka kalla jiya a zaurensa.